Dajin Yara Mai Taurin Kai: Ina Sabon Maganin Yake, Kuma Na Wane Ne?

A ƙasashen da suka ci gaba, cikin kowane yara 10 da ciwon daji ya kama, fiye da 8 suna warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta faɗi haka, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai abin da adadin ya lulluɓe. Kaso mai tsoka na wannan nasara an same shi ne a kan sankarar jini da wasu ire-iren daji masu jin magani. Akwai wani rukuni da ya ƙi motsawa yadda ake so, wato ƙarin da ke tsirowa a cikin cikin yaro, ko a ƙashinsa, ko a tsokarsa, ko a ƙwaƙwalwarsa, wanda ya riga ya bazu kafin a ankara, ko kuma ya dawo bayan an ɗauka an rabu da shi. A kan wannan rukuni ake ta faɗi-tashin neman sabon magani yau shekara 40 ke nan. Abin da ya dame ni shi ne yadda neman yake tafiya: wa ke ɗaukar nauyinsa, me ya sa yake jan ƙafa, kuma ina rabon yaron Gusau ko na Maraɗi a cikinsa.

Mu ɗauki guda ɗaya mu dube shi da kyau. Niyuroblastoma daji ne na ƙananan yara, galibi 'yan ƙasa da shekara 5. Yana tasowa daga ƙwayoyin jijiya da ba su gama nuna ba, kuma yawanci yana fara zama a wata 'yar tsoka da ke bisa ƙoda. Halinsa biyu ne. A jikin wasu jarirai yakan shanye da kansa ba tare da an taɓa shi ba. A jikin kusan rabin waɗanda ya kama kuwa, kafin uwa ta lura cikin ɗanta ya ɗaga, ko ya daina yarda ya taka ƙafa, ko kewayen idanunsa ya yi baƙi, ciwon ya riga ya shiga ƙashi da ɓargo. A farkon shekarun 1980 masana suka gano cewa a wasu daga cikin waɗannan yara, wata ƙwayar gado mai suna MYCN tana ninka kanta sau da yawa a cikin ƙarin, kuma inda duk aka ga haka, ciwon mai zafin gudu ne.

Abin da ake yi wa irin wannan yaro a manyan asibitocin Turai da Amurka ba na wasa ba ne. A fara da watanni na allurar kemo mai ƙarfi. A yi tiyata ta sa'o'i don ɓamɓare ƙarin daga jikin manyan hanyoyin jinin da ya nannaɗe. A ɗebi ƙwayoyin ɓargon yaron a daskarar a ajiye, a ɗura masa kemo mai yawan da zai kashe ɓargon da ya rage, sannan a mayar masa da wanda aka ajiye. A Amurka sau biyu ake yi masa haka. A yi gashi, wato a ƙone ragowar ciwon da haske mai ƙarfi. Sannan a shiga wasu watannin na maganin garkuwar jiki. Kusan shekara ɗaya da rabi ke nan a kan yaron da ko wandonsa bai iya ɗaurawa ba. Bayan duk wannan, rabi ne ko ɗan fiye da rabi suke tsallakewa. Da yawa cikin waɗanda suka tsallake suna fita da tabon da za su mutu da shi: maganin sisplatin ya cinye musu ji, girma ya tsaya, haihuwa ta yi wuya, zuciya ko ƙoda ta yi rauni. Saboda haka idan likitocin wannan fanni suka ce suna neman sabon magani, ba mai ƙarfi suke nufi ba. Kemo ya riga ya kai maƙurar abin da jikin yaro zai iya ɗauka. Suna neman wanda zai iya bambance ƙwayar daji da lafiyayyiya.

An sami irin wannan, kuma labarinsa ya isa ya nuna mana inda gizo ke saƙar. A bayan kusan kowace ƙwayar niyuroblastoma akwai wata alama da ake kira GD2. Tun a shekarun 1980 masana a Amurka suka haɗa wani sinadarin garkuwa da ke manne wa wannan alama, ya kira sojojin jikin yaron su zo su afka wa ƙwayar. Amma babu kamfanin da ya ga riba a ciki. Cibiyar binciken daji ta gwamnatin Amurka ce ta riƙa sarrafa shi da kuɗin jama'a, ƙungiyar likitocin dajin yara mai asibitoci sama da 200 kuma ta gwada shi ƙarƙashin jagorancin Dakta Alice Yu. Da aka fitar da sakamakon a 2010, cikin yara 226 da aka raba gida biyu, waɗanda suka sami sabon maganin kashi 66 cikin 100 ne suka kai shekara biyu ciwon bai dawo ba, sauran kuwa kashi 46. Bambancin ya yi girman da sai da aka tsayar da rabon tun kafin lokacinsa, domin ba a ga hujjar ci gaba da hana rabin yaran maganin ba. Duk da haka sai a 2015 aka ba shi lasisi da sunan Unituxin. Ka lissafa yawan yaran da aka binne tsakanin ɗakin binciken da kantin magani.

Kuma maganin ba mai daɗin sha'ani ba ne. Alamar GD2 tana nan a jikin jijiyoyin da ke ɗaukar zafi, don haka da zarar an fara ɗura shi yaro zai kama ihu, sai an haɗa masa da mofin ta jijiya kafin ya lafa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa ba maganin da za a ba asibitin da mofin ke yanke masa ba ne, balle a zo ga farashinsa, wanda ya haura dala 100,000 a kan yaro ɗaya.

Me ya kawo wannan jinkiri? Da farko dai yaran ba su da yawa a idon ɗan kasuwa. A duk faɗin Amurka, niyuroblastoma yara 700 zuwa 800 yake kamawa a shekara, alhali masu dajin huhu sun haura 200,000. Kamfanin da zai zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli ya san inda zai kai su. Ƙarancin kuma yana wahalar da binciken kansa, domin kafin a tara yaran da suka isa a yanke hukunci a kansu sai an haɗa ƙasashe an yi shekaru. Sannan dajin yaro ba ƙaramin dajin babba ba ne. Na babba yakan taso ne bayan shekara da shekaru na lalacewar ƙwayoyin halitta, ta hanyar taba ko rana ko tsufa, har ƙwayar ta canza kama sosai garkuwar jiki ta iya gane ta. Na yaro kuwa kuskure ne ƙwaya ɗaya ko biyu a lokacin ginin jiki, ƙwayar tana nan kusan kamar 'yar gida. Shi ya sa magungunan tayar da garkuwar jiki da suka canza lissafin dajin fata da na huhu a manya, da aka gwada su a yara, a mafi yawan lokuta ba su tsinana komai ba.

Akwai kuma ɓarakar doka, wadda ita ce ta fi ba ni takaici domin aikin mutum ce. Shekaru da dama dokokin Amurka da na Tarayyar Turai suna tilasta wa kamfani ya gwada sabon maganinsa a kan yara, amma idan cutar da aka yi maganin dominta ba ta kama yara, an yafe masa. To yara ba sa dajin huhu. Maganin kirizotinib ya sami lasisi a 2011 don dajin huhu mai lahani a ƙwayar gado ta ALK. Tun 2008 Dakta Yael Mossé da abokan aikinta a Filadelfiya sun nuna cewa wannan ƙwayar ta ALK tana da hannu a wani kaso na niyuroblastoma, kuma an daɗe da sanin tana da hannu a wani dajin kaluluwa na yara. Amma sai a 2021 maganin ya sami lasisin farko na yara. Iyayen da suka rasa 'ya'yansu ne suka tayar da ƙayar baya. Nancy Goodman, lauya ce da dajin ƙwaƙwalwa ya kashe ɗanta a 2009, ta kafa ƙungiya ta riƙa zarya a majalisar Amurka har aka yi doka a 2017, wadda ta fara aiki a 2020, cewa abin dubawa shi ne yadda maganin yake aiki, ba sunan gaɓar da dajin ya fito ba. Kafin nan, a 2012, ƙungiyar tata ta sa an yi wata dokar da ke ba kamfanin da ya fitar da maganin cutar yara mai wuyar samu wata takarda ta tsallake layi a hukumar magunguna, wadda zai iya sayarwa. Kamfanin da ya fitar da Unituxin ya sayar da tasa dala miliyan 350. Ba na ganin laifin dabarar, tunda ta sa an waiwayi yaran. Amma ta tona asirin tsarin: sai an rataya wa ɗan kasuwa lada a wani wuri dabam kafin ya kalli gadon yaro.

Yanzu abin da ake ta magana a kai shi ne dabarar da ake kira CAR-T. A ɗebi fararen ƙwayoyin jinin majinyaci, a kai ɗakin bincike a sanya musu umarnin farautar wata alama, a ninka su, a mayar masa. A sankarar jini ta yi abin mamaki tun 2012. A ƙari mai tauri ta daɗe tana ba da kunya, domin ƙwayoyin sukan kasa kutsawa ciki, in sun kutsa kuma su gaji su mutu. A 2023 likitocin asibitin yara na Bambino Gesù da ke birnin Rum suka ba da rahoton yara 27 masu niyuroblastoma da ya dawo ko ya ƙi jin magani. An ba su ƙwayoyin da aka koya wa farautar GD2. 17 ciwon ya ja baya, a 9 daga ciki ya ɓace ɗungurungum. A Jami'ar Stanford, Michelle Monje da Crystal Mackall suna gwada irin wannan a kan wani daji da ke fitowa a gindin ƙwaƙwalwa, inda wuƙar tiyata ba ta isa. Wannan ciwo shi ya kashe 'yar Neil Armstrong a 1962, shekara 7 kafin uban ya taka wata, kuma har yau gashi ne babban abin da ake yi wa yaran da ya kama, mafi yawansu ba sa cika shekara. A gwajin na Stanford ƙarin ya ragu a jikin wasu, a jikin saurayi ɗaya ya ɓace. Labari ne mai faranta rai, amma a faɗe shi da girmansa: yara ne 'yan ƙalilan, a asibitoci 'yan ƙalilan, da kuɗin da ya fi ƙarfin mafi yawan gwamnatoci. A gefe guda kuma ga dajin ƙashi na 'yan samari da 'yan mata, ostiyosakoma, wanda magunguna ukun da ake ba shi a yau su ne dai na shekarun 1980, kuma idan ya kai huhu, cikin 10 da ƙyar 3 ke tsira.

Ni dai labarin da ya fi tsaya mini a rai ba na CAR-T ba ne. Na wani tsohon magani ne mai suna eflonitin, domin ya ratsa ta nahiyarmu ta Afirka. An haɗa shi a shekarun 1970 a wani ɗakin bincike a birnin Strasbourg na Faransa da niyyar maganin daji, bai yi abin kirki ba aka ajiye shi. A 1980 wani masani a New York, Cyrus Bacchi, ya nuna cewa yana kashe ƙwayar ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Mu ba baƙin wannan ciwo ba ne. Shi ya sa Turawan mulki suka tayar da ƙauyuka a ƙasar Anchau suka gina garin Takalafiya, kuma saboda shi da sammoren shanu ne ake da cibiyar bincike a Kaduna har gobe. Eflonitin yakan tayar da majinyacin da ya riga ya suma, a lokacin da maganin da ake da shi mai guba ne da ke kashe kusan mutum ɗaya cikin 20 da aka ba. Ya sami lasisi a 1990. A 1995 aka daina yin sa, domin masu ciwon barci ba su da kuɗin saye. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai a 2000, da ya fito a matsayin man shafawa mai rage gashin fuskar mata a Amurka. Sai da ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières ta yi ta kwarmato kafin a 2001 aka ƙulla yarjejeniya da Hukumar Lafiya ta Duniya aka koma yin na allura don Afirka.

To wannan maganin ne ya zagayo ya dawo kan daji. Yana toshe wani sinadari da ƙwayar MYCN ke dogara da shi wajen hura wutar ƙari. Dakta Giselle Sholler da wata haɗakar asibitoci, da tallafin ƙungiyoyin iyaye, suka gwada ba yara shi a matsayin ƙwaya ta sha har shekara biyu bayan sun gama dukkan jinyarsu, don hana ciwon dawowa. A Disambar 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Iwilfin. Akwai masana da ke da ja, domin ba a raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba, an kwatanta su ne da yaran wani gwaji na baya, kuma jan nasu yana da tushe. Amma ka dubi tafiyar maganin. Sau biyu yana da amfanin ceton rai, sau biyu kasuwa ba ta gani ba sai da wasu suka tsaya kai da fata. Kuma yau da ya zama maganin dajin yara a Amurka, ba a sa masa farashin da uba ɗan Afirka zai kusanta ba, duk da cewa a jikin 'yan Afirka aka san yadda yake zama da ɗan Adam.

Ga wani misalin da ya kamata likitocinmu su riƙe. Rabdomayosakoma dajin tsoka ne, kuma an shafe shekaru kusan 30 ana ƙara magani a kansa ba a ga canji ba. Wata haɗakar asibitocin Turai ƙarƙashin Gianni Bisogno na Italiya ta gwada abu mai sauƙi: bayan yaro ya gama jinyar da aka saba, a ci gaba da ba shi tsofaffin magunguna biyu, binorelbin da saiklofosfamaid, kaɗan-kaɗan har wata 6. Da aka buga sakamakon a 2019, waɗanda suka kai shekara 5 a raye sun tashi daga kusan kashi 74 zuwa kusan 87 cikin 100. Babu sabon sinadari, babu injin biliyoyi. Tambaya ce mai kyau, da haƙuri, da asibitoci masu yawa da suka yarda su bi tsari ɗaya su rubuta abin da suka gani.

Na san wani zai ce, Malam, kana ta ba mu labarin Rum da Stanford alhali zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa su ke kwashe mana yara. Ba ni da musu. Sun fi daji kisa nesa ba kusa ba. Amma cikin yara kusan 400,000 da daji ke kamawa duk shekara a duniya, mafi yawa a ƙasashe irin namu suke, kuma a da yawa daga cikinsu waɗanda ke warkewa ba su kai 3 cikin 10 ba. Sannan abin da ɗakin dajin yara ke buƙata, wato jini mai tsabta a ajiye, da ɗakin gwajin da ke aiki dare da rana, da maganin kashe ƙwayoyin cuta na gaske, da ma'aikaciyar jinya da ta ƙware, shi ne dai mai sikila da mai tamowa suke buƙata. Ba kishiyoyin juna ba ne.

Abin da ya bambanta mu da ƙasashe masu arziki shi ne, ciwon da ake warkarwa a can, a nan yana kisa. Dajin ido na jarirai yakan fara da wani farin ƙyalli a tsakiyar ido, wanda uwa kan hango da daddare idan hasken fitila ya faɗa masa. Wani babban bincike na duniya da aka buga a 2022 ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 99 cikin 100 na yaran suna raye bayan shekara 3; a ƙasashe matalauta kashi 57 ne. Dajin ƙoda na yara, wanda ake kira da sunan likitan Jamus Max Wilms, kusan 9 cikin 10 ke warkewa a Turai, da magungunan da aka sani tun shekarun 1960. Mu kuwa kowa ya san yadda abin ke tafiya. Ciki ya kumbura, kaka ta ce saifa ce. A kai wa wanzami ya yi tsaga, a jiƙa sassaƙe, a je kyamis a karɓo maganin tsutsa. Idan wani ya ambaci daji, nan take a ce daji ba ya son ƙarfe, kada a bari allura ta taɓa shi. Kafin a isa asibitin koyarwa a Kano ko Shika ko Sakkwato, ƙarin ya cika ciki ya haura huhu. A can ma uba zai tarar da jerin kuɗi: hoto, ɗibar tsoka, jini, kowace kwalbar kemo daga aljihunsa. Ya sayar da akuya, ya jinginar da gona, a zagaye na uku ƙarin ya saɓe, kuɗi ya ƙare, damina ta kama, sai ya ce, "Likita, a sallame mu, in mun samu za mu dawo." Likitan ya san ba za su dawo ba sai ciwon ya fi ƙarfin kowa. Ba na zargin wannan uba ko kaɗan. Zaɓi aka ba shi tsakanin ɗa ɗaya da abincin sauran.

Wannan ma fagen bincike ne, kuma an nuna yana haifar da ɗa mai ido. Tun daga 2014 wasu asibitoci a Malawi da Kamaru da Gana da wasu ƙasashen suka haɗu kan tsari ɗaya na jinyar dajin ƙoda wanda ya dace da ƙarfinsu: a fara da kemo kafin tiyata don ƙarin ya ragu, a rage yawan maganin ga yaron da yunwa ta rama, a ba shi abinci mai gina jiki, a biya wa iyaye kuɗin magani da na mota. Yaran da suka kammala jinya ba alamar ciwo suka tashi daga kusan rabi zuwa kusan biyu cikin uku. A ƙasashen renon Faransa akwai haɗakar da Farfesa Jean Lemerle ya kafa a 2000 mai irin wannan aiki. Nijar ta buɗe ɗakin gashinta na farko a Yamai a 2021. Kuma kada mu manta cewa muna da tarihi a wannan fage. A shekarun 1960, Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ke aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna wa duniya cewa ana iya warkar da dajin muƙamuƙin yara da magani kaɗai, har ya sami lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Denis Burkitt da wasu.

Akwai dalilin da ya wuce na kuɗi da ya sa dole a yi binciken a jikin yaranmu. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna da wani gado a jininsu da ke sa adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ya zama ƙasa da na Bature, ba tare da wata cuta ba. Ma'aunin da littattafan kemo suka ginu a kai na Turawa ne, don haka ana iya jinkirta wa yaronmu allura ko a rage masa, alhali lafiyarsa lau. Haka nan bincike a Kenya ya nuna yaran can ba sa samun mutuwar jijiya daga maganin binkristin kamar yaran Turai, abin da ya sa ake tambaya ko awon da ake ba su ya isa. Babu wanda zai amsa mana waɗannan tambayoyi daga Filadelfiya.

Na san inda maganar gwajin magani ke yi mana ciwo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji na yara kusan 200. 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Rashin yardar da abin ya shuka ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003, kuma har yanzu bai gama warkewa ba. Amma darasin da na ɗauka daga Trovan ba rufe ƙofa ba ne. Abin da ya faru ya faru ne domin baƙo ya zo da gaggawa ya yi abinsa ya tafi, babu mai sa masa ido. Maganin haka shi ne binciken da likitocinmu ke jagoranta, wanda kwamitin ɗa'a mai haƙori ya tantance, aka yi wa uwa da uba bayaninsa da Hausa har suka gane cewa suna da ikon cewa a'a kuma ba za a fasa duba ɗansu ba, aka kuma rubuta tun farko cewa in maganin ya yi aiki, yaran garin za su same shi.

Farashi ma ba wahayi ba ne. Maganin CAR-T na farko ya fito a Amurka a 2017 kan dala 475,000. Masana a Mumbai, tsakanin wata jami'ar fasaha da asibitin Tata, suka haɗa nasu, gwamnatin Indiya ta amince da shi a 2023, ana ba da shi a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan kuɗi. Asibitin St. Jude na Amurka kuma ya ware dala miliyan 200 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya don kai wa ƙasashe marasa ƙarfi magungunan dajin yara masu inganci kyauta, aka fara rabo a 2025, Zambiya tana cikin sahun farko. Irin wannan shiri yana neman ƙasar da ta san yawan majinyatanta, take da tsarin jinya ɗaya, take da ma'ajiyar da magani ba zai lalace ko ya yi ƙafa ba. Burin hukumar shi ne kafin 2030 kashi 60 cikin 100 na yaran duniya masu daji su riƙa warkewa. A yadda muke tafiya, mu ne za mu ja adadin ƙasa.

Ra'ayina a fili yake. Ina goyon bayan kowane kobo da ake kashewa a Rum da Stanford, domin yaran da ke kwance can ba su da wata hanya, kuma abin da aka gano yau da tsada yakan sauko gobe. Amma ban yarda mu zauna jiran saukowarsa ba. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Katsina, da takwarorinsu na Yamai da Damagaram, su haɗu kan tsari ɗaya na dajin ƙoda da na ido da na tsoka, su buɗe rajista ɗaya, su bi kowane yaro har gida a san ya rayu ko ya rasu. Gwamnonin jihohi su ɗauke wa iyaye kuɗin waɗannan tsofaffin magunguna, waɗanda ba su kai kuɗin mota ɗaya a ayarin gwamna ba. Masu hannu da shuni da ke neman inda za su kai zakka da waƙafi su tuna da kuɗin motar uwar da za ta dawo da ɗanta zagaye na huɗu, da ɗakin da za ta kwana kusa da asibiti. Malamai su faɗa a kan mumbari cewa allura ba ta tayar da daji, jinkiri ne ke ba shi ƙarfi.

Ke kuma uwa, kai kuma uba, in kun shafa cikin yaro kun ji wani abu mai tauri, ko kun ga farin ƙyalli a tsakiyar idonsa, ko kumburin da ya yi mako biyu yana ƙaruwa ba ya raguwa, kada ku tsaya a kyamis, kada ku bari a tsaga. Ku kai shi babban asibiti a makon nan, ku ce a yi masa hoto.